Izgili da Tsangwama Tsakanin 'Yan Mata: Darasi Ga Iyaye Mata

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu jinsi-jinsi, launi-launi, Ya kuma sanya fifiko a cikin taƙawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa zai taɓo wani ciwo ne da ke cin 'ya'yanmu mata a ɓoye, musamman masu tasowa, 'yan shekara 12 zuwa 18. Ciwon shi ne izgili da gori da tsangwamar da suke yi wa junansu a makarantar boko da Islamiyya, a wajen biki, a kan hanyar talla, har ma a cikin gidajenmu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi wasan yara, alhali kuwa ya raba wasu da karatu, ya raba wasu da lafiyarsu.

Abin da ya jawo wannan darasi

Ina da wata ɗaliba 'yar shekara 14 a ajin da nake koyarwa a nan Danja. Na nemi izinin mahaifiyarta kafin in kawo labarin, kuma ba zan ambaci suna ba. Yarinya ce baƙa, siririya, mai kaifin hadda. Idan ana neman wadda za ta ja baƙi a gaban baƙi, ita muke turawa. Sai aka wayi gari ta koma zama a layin baya, ta daina ɗaga hannu. Daga nan sai fashi ya biyo baya, yau ciwon kai, gobe ciwon ciki, har ta yi sati biyu cur ba mu gan ta ba.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na je gidansu. Na tarar da mahaifiyarta a tsakar gida tana yanka tumatur za ta shanya kauɗa. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, ai lalaci ne kawai, na yi faɗan har na gaji." Na nemi ta bar ni in shiga ɗaki wurin yarinyar. Ko da ta ɗago kai sai na ga kumatunta sun yi ja sun saɓule kamar an watsa mata ruwan zafi. Ashe 'yan kuɗin da take samu na ribar talla take tarawa ta sayi man shafawa mai sa fari. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Malama, Bayan Tukunya suke kirana. Idan na tashi karatu sai su riƙa ƙyafta wa juna ido suna dariya."

Da muka bi diddigi, sai muka gano cewa sunan daga gida ya fito. Uwar ce take kiranta da shi idan ranta ya ɓaci, ƙanenta ya ɗauka ya kai waje, 'yan aji suka karɓa. Wallahi baiwar Allah nan da ta ji haka sai ta ajiye wuƙar ta fashe da kuka. Ni ma ban fita ba, domin na taɓa jin an kira sunan a aji, abin da kawai na ce shi ne, "Ku yi mana shiru," na ci gaba da darasi. Allah Ya yafe mana.

Bambancin wasa da cin zali

Hausawa mutane ne masu barkwanci. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, da na Katsinawa da Nufawa. Irin wannan wasa kowa yana da bakin ramawa, kuma a ƙarshe kowa dariya yake yi. To yaya za a gane an tashi daga wasa an shiga cin zali? Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Dan Olweus, wanda ya yi aiki a jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, ya kuma fara bincike a kan wannan al'amari tun shekarun 1970, ya kawo alamomi uku. Na farko, akwai nufin a ɓata wa mutum rai. Na biyu, ana maimaita abin, ba sau ɗaya ba ne. Na uku, ƙarfi bai zo ɗaya ba, wato mai yin ta fi wadda ake yi wa girma, ko gata, ko yawan ƙawaye, ko kaifin baki. Duk inda waɗannan suka haɗu, to ko ana dariya cin zali ne.

A tsakanin 'yan mata abin ya fi zuwa ta baki. Ana yi wa yarinya gorin baƙi, ko gajarta, ko rama, ko ƙiba, ko in'ina, ko tsagar fuska. Ana kiran wadda ta zo daga ƙauye bagidajiya. Ana yi wa wadda uwarta ta zo da ita gidan miji gorin agolanci. Mai sikila a ce mata "yau lafiya gobe ciwo", mai farfaɗiya a guje ta, zabiya a ƙi cin abinci da ita. Akwai kuma wariya, inda za a haɗa baki a daina yi wa yarinya magana, ko a fitar da anko a ƙi gaya mata. A makarantun kwana akwai zaluncin wasu siniyoyi, su ƙwace garin kwaki da sabulun ƙanana, su sa su wanki da ɗebo ruwa. Yanzu kuma waya ta shigo, a ɗauki hoton yarinya ba da saninta ba a watsa a WhatsApp ko TikTok. A da idan an tashi makaranta yarinya takan huta, yanzu tsangwamar har kan shimfiɗarta take bin ta.

Kada mu ɗauka abin a nan kaɗai yake. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa rabi. Rahoton ya ce babban abin da ake yi wa yara gori a kansa shi ne siffar jikinsu. Wannan ya sa aka ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba ta kowace shekara don yaƙi da wannan ɗabi'a, aka fara a 2020. A nan Nijeriya ma, a watan Afrilu na 2024, wani bidiyo ya bazu na wata ɗaliba da 'yan ajinsu ke sharara wa mari a wata makarantar kuɗi a Abuja, har aka rufe makarantar na kwana uku. Waccan an gani ne saboda an ɗauka a waya. Namu na karkara fa, wa yake gani?

Abin da Musulunci ya ce

Ya ke 'yar uwa, ki buɗe Suratul Hujurat ki karanta aya ta 11 tare da fassararta. Allah Ya hana maza yi wa maza izgili, sannan Ya ambaci mata daban Ya hana su yi wa mata izgili, Ya kuma faɗi dalili, cewa mai yiwuwa wadda ake yi wa ta fi mai yin alheri. A cikin ayar dai Ya hana aibata juna da jifan juna da munanan laƙabi, Ya kira wanda bai tuba daga haka ba azzalumi. Aya ta 12 ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Aya ta 13 ta sanar da mu cewa ma'aunin ɗaukaka a wurin Allah shi ne taƙawa. A Suratur Rum aya ta 22 kuwa, Allah Ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinsa. Ashe ke nan wadda ta yi wa baƙar fata dariya, ayar Allah ta yi wa dariya. Hausawa suka ce wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Irin wannan ya faru har a gidan Manzon Allah (SAW), kuma yadda ya magance shi ne abin koyinmu. Tirmizi ya ruwaito cewa labari ya kai ga Uwar Muminai Safiyya (RA) cewa Nana Hafsa (RA) ta kira ta 'yar Bayahude. Annabi (SAW) ya shigo ya same ta tana kuka, ya tambaye ta dalili. Da ta gaya masa sai ya tunatar da ita cewa ita jikar annabi ce, ɗan uwan kakanta annabi ne, kuma annabi take aure, sannan ya umarci Hafsa da ta ji tsoron Allah. Ki lura da matakan nan: ya tambaya, ya saurara, ya ɗaga darajar wadda aka ɓata wa rai da abin da yake gaskiya, ya kuma tsawata wa wadda ta yi. Bai ce mata kukan me take yi a kan ƙaramin abu ba.

Haka kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta taɓa yin nuni da gajartar Safiyya, sai Annabi (SAW) ya nuna mata cewa kalmar da ta furta, da za a cakuɗa ta da ruwan teku da ta gurɓata shi. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau itace zai ciro asuwaki, sahabbai suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Buhari da Muslim kuma sun kawo cewa Abu Zarri (RA) ya yi wa wani mutum gori da uwarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Idan manyan sahabbai ba a ƙyale su ba a kan kalma ɗaya, ina ga mu da muke kiran 'ya'yanmu da munanan sunaye safe da yamma?

Illolin da ke biyo baya

Illa ta farko ita ce barin karatu. Sau da yawa yarinya takan ce ita aure take so, ko ta gaji da makaranta, alhali gudun wasu take yi.

Ta biyu ita ce cutar da jiki. Yarinyar da aka yi wa gorin baƙi takan faɗa wa man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana cewa shafe-shafen nan ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Da yawa daga cikin mayukan suna ɗauke da sinadarai masu sa fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa, ciwo ya ƙi warkewa, wasu kuma suna lalata ƙoda. Wadda aka yi wa gorin rama ita kuma sai ta koma shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ke kumbura fuska, suna iya jawo hawan jini da ciwon suga.

Ta uku, wadda ta fi tsanani, ita ce ciwon damuwa. Idan kika ji ɗiyarki na cewa "gara ma in mutu in huta", kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi da fiya-fiya da maganin ɓera, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. Ki kulle waɗannan abubuwa, kada ki bar ta ita kaɗai, ki sanar da mahaifinta, ku kai ta asibiti. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Shika a Zariya da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Yadda za ki taimaki ɗiyarki

1. Ki sa ido. Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon ciki da ba ya tashi sai lokacin makaranta, yagaggen littafi, yawan neman kuɗi, ƙin cin abinci, daɗewa gaban madubi, firgita idan waya ta yi ƙara, duk alamu ne.

2. Ki tambaye ta a keɓe, lokacin da kuke tsince shinkafa ko kina yi mata kitso. Idan ta fara magana kada ki katse ta da "ke ma ai bakinki ya yi yawa". Yarinyar da aka ƙaryata sau ɗaya da wuya ta sake kawo ƙara.

3. Ki gyara harshen gida. Ki hana yayye da ƙanne da 'yan uwanki kiranta da sunan da ba ta so, ke ma ki daina. Ki daina auna ta da ɗiyar abokiyar zamanki ko ta maƙwabta, kina cewa wance ta fi ta kyau ko ta riga ta samun manemi. Maganar uwa ta fi ta kowa zama a zuciya.

4. Ki koya mata cewa haƙuri bai hana kai ƙara ba. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta bai wa wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Ta kalli mai yi mata ta ce, "Ba sunana ke nan ba, kuma ban yarda ba," ta wuce ba tare da zagi ko dambe ba. In an sake, ta gaya wa malama. Idan ta waya ce, kada ta mayar da martani, ta adana saƙon ta nuna maki.

5. Ki je makarantar da izinin maigida, ko ku je tare. Ki ga malamar aji, in ba a ɗauki mataki ba ki ga shugaban makaranta, ko ki kai maganar taron iyaye da malamai. Kada ki ɗauki mayafi ki tafi gidan su yarinyar da faɗa, domin faɗan yara ya koma na manya ba shi da amfani ga kowa.

Koya mata yarda da halittarta

Ko an hana masu yi, tabon yana nan, kuma aikin uwa ne ta warkar da shi. Ki zaunar da ɗiyarki ki karanta mata Suratut Tin, ki nuna mata cewa Wanda Ya yi rantsuwa Ya ce Ya kyautata halittar mutum, da ita ma yake. Ki gaya mata ma'anar hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa abin da Allah Yake dubawa shi ne zukata da ayyuka, ba surori da dukiya ba.

Ki ba ta labarin Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙar fata, mai larurar ƙafa, wanda ya zama babban mai ba da fatawa a Makka a zamanin tabi'ai. Shi ne ya ba da labarin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Ibn Abbas (RA) ya nuna masa wata baƙar mata mai farfaɗiya ya ce masa 'yar Aljanna ce. Ki ba ta labarin matar nan baƙa mai sharar masallaci, wadda aka binne ba a sanar da Annabi (SAW) ba, da ya ji sai ya nemi a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla.

Sannan ki nemo abin da ta iya ki ƙarfafa ta a kai, ko hadda ce, ko lissafi, ko ɗinki, ko girki, ko saƙa. Ki yabe ta a gaban mahaifinta. Yarinyar da ta san tana da abin da ta iya, gori ba ya kayar da ita da wuri. Ki taya ta zaɓen ƙawa ta gari ko da guda ɗaya ce.

Yarda da halitta kuma ba ƙazanta ba ce. Ki koya mata wanka da tsaftar baki da ta al'ada, da kitso da lalle da tozali. Abin da yake da magani, kamar ƙurajen fuska ko fitsarin kwance, a nema mata magani a asibiti. Abin da kuma halitta ce, kamar launi da tsawo, a koya mata gode wa Allah a kansa. Amma fa ki sani, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan tana ganin kina shafa mai kina ƙorafin baƙinki, duk wa'azin da za ki yi mata ba zai shiga ba.

Idan ɗiyarki ce mai yi

Wannan ya fi wuyar karɓa, domin kowace uwa tata ce mai gaskiya. Idan aka kawo maki ƙara, ki bincika kafin ki kare ta. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da a taimaki ɗan uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma bayyana cewa taimakonsa shi ne a hana shi zaluncin. Ki tunatar da ita hadisin matsiyaci da ke cikin Muslim, wato wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan ya doki wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. Ki sa ta je ta nemi gafara da bakinta. Ki kuma binciki kanki, domin sau da yawa yarinyar da ake kyara a gida ita ke hucewa a kan na ƙasa da ita a waje. Wadda kuma take tsaye tana taya dariya, ki sanar da ita cewa da ita aka yi.

Kammalawa

Ɗalibar tawa ta dawo makaranta bayan mun zauna da 'yan ajin, mun yi sati guda muna bitar Suratul Hujurat. Biyu daga cikinsu sun nemi gafararta a gaban kowa. Fuskarta ta ɗauki watanni kafin ta warke, kuma har yanzu ba ta cika son tashi gaban jama'a ba, amma ta koma layin gaba. Mahaifiyarta ta ce mani tun ranar ba ta sake kiranta da wani suna ba sai na yanka.

Ga aikin gida ga kowace 'yar uwa kafin majalisi na gaba: ki lissafa sunayen da ake kiran kowane yaro da su a gidanki, ki tambaye shi wanne yake so, wanne ba ya so. Sannan ki haddace aya ta 11 ta Suratul Hujurat tare da 'ya'yanki, da ma'anarta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare harsunanmu, Ya sa 'ya'yanmu su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne, Allah Ya yafe mani.